Waya Ta Riga Likita Zuwa Ɗambatta

Ranar Lahadi, ranar da kasuwar Ɗambatta ke ci, ana iya karanta tarihin shekara 25 a kan tebur guda. Mai cajin waya ya jera wayoyi sahu-sahu, kowace da 'yar lamba manne a bayanta, janareto na ruri a gefe, samari sun kewaye suna jira. Wasu dabbobi suka kawo daga ƙauyukan kewaye, wasu kuma sun zo ne a tura musu fina-finai da karatuttuka. Da yawansu da wayar za su kwana a hannu. To, idan ɗaya daga cikinsu ya yi wata uku barci na gagararsa, ya ƙaurace wa majalisa, ya daina cin abinci da 'yan'uwa, hanyar da ke gabansa doguwa ce: malamin ruƙiyya tukuna, sai mai maganin gargajiya, in abin ya faskara a ɗauki mota zuwa asibitin Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Waya ta same shi har gona, likita kuwa sai ya tafi nema. A cikin wannan tazara ne fafutukar matasan Nijeriya kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta tsiro, kuma babban aikinta shi ne sauya tambayar da ake yi idan waya ta jawo ɓarna. Kusan shekara 20 hukumomi a ƙasar Hausa suna tambayar wanda ya yi laifi domin a hukunta shi. Matasan da suka tashi da waya a hannu sun zo da tasu tambayar: wa ya ji ciwo, kuma ina za a kai shi?

Gari da 'ya'yansa biyu

Ɗambatta tana arewacin Kano, a kan titin da ya ratsa Kazaure ya nufi Daura. Gari ne na Fulani Dambazawa, mazaunin Sarkin Bai, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano. Ƙasarta irin karkarar Kanon nan ce da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi suna wajen nazarinta tun shekarun 1960: gona manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, ba a barin ƙasa ta huta sai dai a ciyar da ita taki. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum sama da 200,000 a ƙaramar hukumar. A irin wannan ƙasa gonar gado kullum raguwa take yi yayin da magada ke ƙaruwa, shi ya sa cin rani ya daɗe da zama makomar samari da zarar an kai amfani rumbu.

'Ya'yan garin biyu sun tsaya a farko da ƙarshen wannan labari. Na farko shi ne Magaji Ɗambatta, wanda bai cika shekara 20 ba lokacin da ya shiga cikin mutum takwas da suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kafin daga baya ya yi fice a aikin jarida. Na biyu shi ne Farfesa Umar Garba Ɗambatta, malamin injiniya a Jami'ar Bayero, wanda ya shugabanci Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, daga 2015 zuwa 2023. A zamaninsa ne yaɗuwar intanet mai sauri ta haura kashi 30 cikin 100 a ƙarshen 2018, ta zarce kashi 40 a 2020, aka kuma yi gwanjon lasisin 5G a Disambar 2021. Ɗaya ya taimaka wajen koya wa talakan karkara ya ɗaga murya, ɗayan ya jagoranci hukumar da ta sa ido aka kai masa na'urar da zai ɗaga ta.

Shigowar waya da darasin 2007

Kafin 2001 layukan wayar tarho a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A Janairun shekarar aka yi gwanjon lasisin wayar salula, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki, lokacin da layi ɗaya ke kai naira 20,000 ko fiye. Shigowar Glo a 2003 da lissafin kira daƙiƙa-daƙiƙa ya karya farashi. Daga nan waya ta fita daga hannun attajirai ta gangaro ƙauyuka, wayoyin Sin masu araha suka biyo baya, sai 2go, sai Facebook da WhatsApp, sai TikTok. Shekara 20 bayan gwanjon, layukan da ke aiki sun kusa miliyan 200.

Kano ta ɗanɗani ɗacin na'urar tun da wuri. A watan Agustan 2007 wani bidiyon sirri na wata matashiyar 'yar fim, wanda aka ɗauka da waya, ya fita ba da izininta ba, ya yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Martanin hukuma ya zo da sauri: an dakatar da ɗaukar fim na watanni, an naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, kame da shari'o'i suka biyo baya. An yi ta muhawara kan tarbiyya da mutuncin al'umma. Halin da yarinyar ta shiga, da laifin waɗanda suka yaɗa sirrinta, ba su samu kaso mai yawa a muhawarar ba. Abin lura shi ne yadda wasu direbobi da 'yan acaɓa suka riƙa manna hotonta a jikin ababen hawansu. Ba ƙungiya ce ta tsara haka ba, amma alama ce ta cewa akwai matasan da suka ga wadda aka zalunta a inda manya suka ga mai laifi kaɗai.

Abin da ya faru a 2007 ya zama ma'aunin da aka ci gaba da auna matsalar waya da shi a Arewa: matsala ce ta ɗabi'a, maganinta kuma tsawatarwa.

Dokar da ta tsufa a kan kujera

Dalilin da ya sa batun lafiya bai shigo ba shi ne, ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa kansa a daskare yake. Dokar da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1916, wadda aka sabunta a 1958, ita ce ta ci gaba da aiki har cikin ƙarni na 21. Ruhinta tsarewa ne: a raba mai taɓin hankali da jama'a, da sa hannun likita da alƙali, ba tare da wani tanadi na kare haƙƙinsa ba. Abin mamaki, Nijeriya ta taɓa zama abin koyi a wannan fanni. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majiyyata ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani, masu maganin gargajiya kuma na ba da haɗin kai. A 1991 gwamnati ta ayyana lafiyar ƙwaƙwalwa a matsayin wani rukuni na kiwon lafiya a matakin farko. Takarda ta faɗa, amma ɗakunan shan magani na karkara ba su gani a ƙasa ba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha nanata cewa mambobinta da ke aiki a cikin gida ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200.

Akan ɗora laifin a kan jahilcin mutanen karkara, amma wani bincike da likitocin Kano suka buga a 2004 ya nuna abin bai kai haka sauƙi ba. Sun tambayi manya 250 a ƙauyen Karfi da ke kudancin Kano. Kusan kashi 34 cikin 100 sun ce shaye-shaye ne babban sanadin taɓin hankali, kusan kashi 19 suka ce ƙaddara ce ko fushin Ubangiji, kashi 18 suka ambaci sihiri da aljanu. Da aka tambaye su inda suka fi so a kai mara lafiya, kashi 46 suka zaɓi asibiti, kashi 34 suka zaɓi addu'a da ruƙiyya. Ke nan tun shekara 20 da suka wuce mafi rinjayen rukuni a ƙauyen asibiti yake so. Asibitin ne ya yi musu nisa.

Shekarun da matasa suka buɗe baki

A 2016 ƙungiyoyi biyu suka bayyana, dukansu daga matasan da cutar ta taɓa. Victor Ugo, matashin likita da ya yi fama da ciwon damuwa tun yana ɗalibi, ya kafa Mentally Aware Nigeria Initiative, wadda aka fi sani da MANI. Hauwa Ojeifo kuma, wadda likitoci suka tabbatar tana da ciwon da ke jefa mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsananciyar damuwa, ta kafa She Writes Woman. Dukansu a Twitter da Instagram suka fara tara jama'a, kafin su buɗe layukan agaji da zauren tattaunawa. Sabon abin da suka kawo shi ne mara lafiya ya faɗi sunansa da bakinsa, a al'ummar da ake ɓoye irin wannan lalura don gudun kada ta hana 'ya'yan gida aure.

Shekaru biyu da suka biyo baya Arewa ce ta zama fagen labarin. A ƙarshen Afrilun 2018 sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC ya fitar da rahoton Ruona Meyer kan maganin tari mai kodin, inda aka nuno matasa ɗaure da sarƙa a wata cibiyar gyaran hali a Ɗorayi. Bidiyon ya karaɗe wayoyi, ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta haramta shigo da maganin da sarrafa shi. A Janairun 2019 binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi cikin shekara guda, sama da miliyan ɗaya daga cikinsu a Jihar Kano.

A Fabrairun 2019 wata matashiyar mai haɗa magunguna a Kano, Khadijah Adamu, ta bayyana a Twitter irin azabar da ta sha a hannun tsohon saurayinta. Fakhrriyyah Hashim ta mayar da martani da maudu'in #ArewaMeToo, ɗaruruwan 'yan mata da samari suka biyo da nasu labaran. Kafin watan ya ƙare 'yan sanda suka kama ɗaya daga cikin jagororin, marubuciya Maryam Awaisu, a Kaduna, sai da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka yi ca sannan aka sake ta. Waɗanda suka yi magana sun sha zagi da barazana a dandalin da suka yi maganar. A nan ne matasan Arewa suka fahimci fuska biyu ta waya: ita ce ta ba su bakin faɗin ciwo, ita ce kuma ta ƙara musu wani. Cibiyar CITAD da ke Kano, ƙarƙashin Y. Z. Ya'u, ta shafe shekaru tana bibiyar kalaman ƙiyayya da cin zarafin mata a intanet, tana nuna yadda tsangwama ke korar mata daga dandalin baki ɗaya.

Sai kuma gidajen mari. A ƙarshen Satumbar 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. A Oktoba aka gano makamancinsa a Daura, garin da titin Ɗambatta ke kaiwa. Gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje, a Nuwamba kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan ɗaure masu taɓin hankali a sassan ƙasar. Gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce iyaye ne da kansu suka kai mafi yawan yaran, har suna biyan kuɗi, domin ba su da wani wurin. An rufe ƙofa ɗaya ba tare da an buɗe wata ba.

Wannan matsin lamba ne ya farfaɗo da ƙudurin dokar da ya yi ta mutuwa a majalisa tun 2003. A Fabrairun 2020, a zaman jin ra'ayin jama'a kan ƙudurin Sanata Ibrahim Oloriegbe, Hauwa Ojeifo ta tsaya gaban 'yan majalisa ta yi magana a matsayin mai ɗauke da lalurar, abin da ba a taɓa gani a zauren ba. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya, da asusun kuɗi, da haƙƙoƙin majiyyaci. Dokar 1958 ta kau bayan shekara 65. Sai dai sabuwar dokar ba ta taɓa sashe na 231 na kundin Final Kod ba, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa.

Masu share dandalin da Hausa

A daidai wannan lokaci matasan wasu ƙasashe sun juya kan kamfanonin kansu. A 2020 wata 'yar sakandare a Amurka, Emma Lembke, ta kafa ƙungiyar Log Off, a 2023 kuma ta ba da bahasi gaban Majalisar Dattawan ƙasar. A 2021 tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fallasa takardun da suka nuna kamfanin ya san Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙyamar jikinsu. A Ingila, mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke a 2022 cewa abubuwan da Molly Russell, 'yar shekara 14, ta riƙa gani a intanet sun taka rawa a mutuwarta, shekara guda bayan haka ƙasar ta kafa dokar kare masu amfani da intanet. A Nuwambar 2024 Ostireliya ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a kafofin sada zumunta. Masana dai ba su haɗu a kan girman illar ba: Jonathan Haidt na ganin waya ce ummul'aba'isin taɓarɓarewar lafiyar matasa, Amy Orben da Andrew Przybylski kuma sun nuna a 2019 cewa alaƙar da alƙaluma ke nunawa ƙarama ce ƙwarai.

Inda wannan gwagwarmaya ta haɗu da harshen Hausa kai tsaye shi ne Nairobi. A can ne kamfanin Sama ya ɗauki matasa daga ƙasashen Afirka domin su tace abin da ake wallafawa a Facebook da harsunansu. Cikinsu akwai Kauna Malgwi, 'yar Nijeriya mai karatun ilimin halayyar ɗan'adam, wadda ta fara aikin a 2019 tana duba abubuwan da aka wallafa da Hausa. Aikinta shi ne ta kalli bidiyon kisa da fyaɗe da cin zarafin yara kafin su iso wayar saurayin da ke jiran caji a Ɗambatta. Ta bayyana cewa aikin ya bar ta da rashin barci da firgici. Ranar 1 ga Mayu, 2023, ma'aikata sama da 150 suka kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiyar ƙwadago ta masu irin wannan aiki a Afirka, sama da 180 kuma suka maka Meta da 'yan kwangilarta a kotu. Meta ta ce ba ita ta ɗauke su aiki ba, amma a Satumbar 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Kenya ta ce ana iya shari'a da ita a ƙasar. A ƙarshen shekarar wani likita a asibitin Kenyatta ya tabbatar da ciwon firgici a jikin sama da 140 daga cikinsu. A 2024 ne kuma mujallar Time da BBC suka sanya Kauna Malgwi cikin jerin fitattun mutanensu na shekara.

Abin da bai sauya ba

A Kano kuwa ma'aunin 2007 bai gushe ba. A Nuwambar 2022 wata kotun majistare ta yanke wa wasu samari biyu 'yan TikTok bulala 20 kowanne da sharar harabar kotu na kwana 30 saboda ɓata sunan gwamna. A farkon 2024 wata kotun shari'ar Musulunci ta ba da umarnin a duba ƙwaƙwalwar wata fitacciyar 'yar TikTok da Hisba ta gurfanar. Likitan ƙwaƙwalwa ya shigo maganar a ƙarshe, amma ta ƙofar tuhuma ya shigo, abin da ke ƙara wa mai buƙatar ganinsa jin kunyar zuwa.

Alhali illolin da ke cin matasan karkara ba su cika kai wa gaban alƙali ba. Akwai manhajojin ba da rance da ke tura wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙon tozarci idan ya gaza biya, har sai da hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta kai samame ofisoshinsu a Legas a Maris ɗin 2022. Akwai cacar ƙwallo ta waya. Akwai guguwar “mainin” ta 2024, lokacin da samari da matan aure suka kwashe watanni suna dannar fuskar waya dare da rana a wasan Hamster Kombat, da aka zo rabo a ƙarshen Satumba mafi yawansu abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Duk waɗannan sun fi kama inda aikin yi ya yi ƙaranci, rani ya yi tsawo. Matakin da NCC ta ɗauka a 2016 na ba da lambar 2442 don toshe saƙonnin talla ya nuna hukuma na iya amincewa cewa mai waya yana da haƙƙin a bar shi ya huta. Amincewar ba ta wuce saƙon tes ba.

Rauni mafi girma yana cikin fafutukar kanta. Ta yi nasara a Abuja da Legas da Nairobi, cikin Turanci, a dandalin da ɗan ƙauye bai cika shiga ba. A bakin mutane da yawa kalmar hauka ce ke ɗaukar komai, daga ciwon damuwa zuwa farfaɗiya, kuma babu mahaifin da zai yarda a kira ɗansa da ita alhali yana zuwa gona yana dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin mhGAP tun 2008 domin a horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su gane ciwon damuwa su fara magani ba sai an jira ƙwararre ba. Garin da ke da babban asibiti, da makarantar koyon ungozoma, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako cike da ɗalibai, yana da waɗanda za a horar.

Samarin NEPU ba su da rediyo ba su da kuɗi, amma sun san inda talaka yake zama. Sun bi kasuwanni a kan keke, sun yi magana da Hausa, sun rubuta da ajami, sun ja malamai da masu sana'a a jika. Dokar 2023 za ta zama gaskiya a karkarar Kano ranar da aka bi wannan sawu: limamin unguwa ya iya cewa a haɗa addu'a da asibiti, ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta iya tambayar matashi yadda yake barci, mai cajin waya kuma ya san lambar da zai ba yaron da ya lura ya daina dariya.